Élisée Mai Rijiya da Kunkurun Dutse

A Tungar Gawo, wani ƙaramin ƙauye da ke gindin dutse a yankin Kiéché, an yi wani mutum mai suna Élisée ɗan Manu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta kamar ƙirgi. Sana'arsa haƙar rijiya. Ya gaje ta a wajen ubansa Manu, wanda yana cikin mutanen farko na ƙauyen da suka bar tsafin gidansu suka bi addinin Kirista, kuma a wajen 'yan mishan na Dogon Dutsi ya koyi ɗaure jikin rijiya da siminti. Élisée ya tashi da igiya a hannu. Tun bai yi gemu ba ake zura shi cikin rami, har ya zama daga Kiéché zuwa Ɗan Kassari, idan gari ya so sabuwar rijiya ko tsohuwa ta rufta, ƙofar gidansa ake turo amalanken jaki.

A bisa ƙasa ba shi da yawan magana. Amma da ya sauka, sai ka ji waƙar majami'a tana fitowa daga bakin ramin, da wata murya mai kauri da ba a san shi da ita ba. Matan gari su tsaya da tulunansu suna dariya, suna cewa Kiristan nan sai ya shiga ƙasa yake tuna sama.

Matarsa Marthe 'yar Kore Mairuwa ce, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta yi haihuwa da yawa, biyu suka rayu: Landry, ɗan fari, da ƙanwarsa Sylvie. Marthe ba ta fashin majami'a, amma kunyar ɗan fari ba ta bar ta ba, kamar kowace mace ta ƙasarsu ta Arewa. Ba ta taɓa kiran sunan Landry da bakinta ba. "Wancan" take cewa, ko "yayan Sylvie". Shi kuwa Landry ya fito dogo, mai surutu, mai son sanin komai. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, har kolej a Dogon Dutsi, jarrabawa ta ƙi shi, ya dawo ƙauye yana noma da damina, da rani yana ja wa ubansa igiya.

Sannan sai motocin foraj suka shigo ƙasar, manyan motoci masu huda ƙasa su fito da ruwa kafin mai haƙa da hannu ya wuce jan yashi. Élisée bai yi fushi da su ba, ya ce ruwa ruwa ne. Amma amalanken jakin ya daina zuwa. Rani ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, kayan aikinsa suna jingine a bayan rumbu. Ana cikin haka labarin zinariya ya ɓarke daga arewa. Samarin da suka je Cibarakaten, can kusa da iyakar Aljeriya, suka dawo da babura sababbi, suna cewa a wurin ramuka ake haƙa masu zurfi cikin dutse, kuma mutumin da ya san rami kamar Élisée sarki ne.

Da ya gaya wa Marthe niyyarsa, ta daɗe tana murza tunkuza ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Baban Sylvie, in tahiyar ta zama dole, ka tahi kai ɗaya. Bar mini wancan."

Landry yana bakin ƙofa, ya ji. Ya ce, "Inna, in na zauna nan mi zan zama? Baba bai jin Faransanci, bai iya salula ba. Wa zai riƙe masa igiya, baƙo?"

Wannan maganar ta igiya ita ta rufe bakin Marthe, don ta san ran mai rijiya a hannun na sama yake. Bayan an sa hatsi a rumbu suka tafi.

Tafiya ce mai nisa, a bayan kamiyo, babbar motar kaya, ta Tawa da Agadas. A wani wuri cikin duwatsun Azbin motar ta lalace, suka wuni a gindin wani fa. A jikinsa akwai zane-zanen mutanen da: raƙumin dawa, jimina, shanu masu dogon ƙaho, mutane riƙe da mashi. Sauran fasinja inuwa suka nema. Landry kuwa ya yi ta zagaye dutsen yana ɗaukar hoto, yana kiran ubansa ya zo ya gani.

A Cibarakaten aka ɗauke su aiki a ramin wani Buzu. Aikin ya fi na rijiya muni. Dutse ne ake fasawa da nakiya, ƙura ta cika ramin har mutum ba ya ganin hannunsa, ruwan sha kuma sai an saya. Ran Juma'a ake hutu. A irin wannan ranar ce wani saurayi ɗan Cadi ya zuba wa Landry wasu bidiyo a salula, na masu neman ɓoyayyar dukiya a ƙasashen Amirka. Landry ya kalle su har ya haddace. Sai ya zama duk Juma'a, idan Musulmi suka tafi masallaci, uba da ɗa su zauna a inuwar tanti, Landry ya share yashi da tafin hannu, ya ɗauki ƙusa yana zane.

"Baba, dubi nan. Wanga kunkuru ne. Mutanen Espanyi, sa'ad da sunka ci ƙasashen Amirka, sun haƙa ramukan zinariya da azurfa. Da yaƙi ya koro su, sai sunka toshe bakin ramukan, sunka sassaƙa alamu bisa duwatsu don in sun komo su gane wurin. Ba su komo ba."

"To kunkurun mi yake cewa?"

"Inda kansa ya duba, can za ka bi. Maciji in ya miƙe, ci gaba da tahiya. In ya naɗe, tsaya, abin yana ƙarƙashinka. Gicciye, kayan majami'a ne. Zuciya, zinariya ce. Amma in ka ga zuciya da tsaga a tsakiya, kada ka taɓa, tarko ne, sun ɗana dutse ya faɗo ma mutum. Wasu alamun ma ba a ganinsu sai rana ta take tsaka, inuwa ta fito da su."

Élisée ya yi dariya. "Wane irin mutane ne wanga, su ɓoye dukiya kuma su rubuta ma ɓarawo hanya?"

"Ba kowa ya iya karatun ba, Baba. Yanzu kai ka iya."

A gida uba da ɗan fari ba sa zama tabarma ɗaya suna hira. A can kuwa ba mai gani, ba mai cewa an yi rashin kunya. Élisée, wanda bai taɓa shiga lakwal ba, ya zama ɗalibin ɗansa. Landry ya zana, ya share, ya ce, "Baba, wanga fa?" In ya faɗi daidai, yaron ya tafa masa kamar malamin aji.

A shekara ta biyu Landry ya mutu a cikin ramin. Élisée ya binne shi, ya kamo hanya. 'Yan fashi suka tare motarsu kafin Agadas, suka karɓe ɗan abin da ya tara da salular yaron. Ya iso Tungar Gawo da faɗuwar ruwan farko, da jakar kayan Landry a kafaɗa. Marthe ta ga ya shigo shi kaɗai, ta ajiye taɓarya. Abin da ya ce mata kawai shi ne, "Rami ya ci shi. Ni na rufe shi da hannuna." Bai ƙara ba. An yi zaman makoki, Kirista da Musulmi duk sun zo, kowa ya tambaya, amsar ita ce dai wannan.

Daminar nan ya yi noma kamar wanda ake jan sa. Waƙa ta bar bakinsa. Ya dawo da wani busasshen tari da yake cewa sanyin hamada ne.

Bayan girbi, wata rana yana sarar kara a gonarsa ta gangaren dutse, rana ta take, ya je ya zauna a gindin fa. Wurin yana da wasu zane-zane da kowa a ƙauyen ya sani tun yana yaro. Zanen Doguwa ake ce musu, iskar da ake cewa tana zaune a wurin, ba a sarar itace a wajen, makiyaya ba sa kwana. Élisée ya ɗaga kai kawai, sai ya ga inuwa ta kwanta cikin tsagin dutsen ta fito da siffa: baya mai zagaye, ƙafafu huɗu, kai ya miƙe yana duban gabas. Ya tashi tsaye. Ya bi inda kan ya nuna, yana duba kowane dutse. Can gaba ya sami wani layi mai lanƙwasa kamar maciji. Ya ci gaba. A wani kwazazzabo, jikin wani dutse da ya faɗo daga sama, ya ga layin ya naɗe kansa, kusa da shi kuma wani abu kamar gicciye.

Ya dawo gida da yamma idanunsa sun buɗe, karo na farko tun dawowarsa. Ya zaro kayan aikinsa daga bayan rumbu.

Wanda ya fara gaya wa shi ne Alhassan, abokinsa tun na yarinta, ɗan kasuwa mai shagon kayan masarufi a Dogon Dutsi, ɗan Izala mai ɗage wando, wanda bambancin addini bai taɓa hana shi cin tuwon Marthe ba. Alhassan ya hau babur ya zo ya ga alamun. Ya duba, ya shafa gemu.

Ya ce, "Aboki, ni na ga tsagin dutse. In ma zane ne, Espanyol bai taɓa zuwa ƙasar ga ba. Faransawa anka yi nan, su ma haraji ya kawo su da aikin tilas. Espanyol ɗin da munka sani, na ƙwallo ne."

"Mutanen da sunka ƙetare teku har Amirka, Arewa ce za ta gagare su?"

"To ko sun zo, wace zinariya ce a dutsen ga? Kakanninmu makafi ne?"

Élisée ya ɗora hannu a kan zanen. "Duk abin da yaron ya faɗa mini, ga shi nan a jere. Kunkuru, maciji, gicciye. Ni na ƙaga su?"

Alhassan ya dubi fuskar abokinsa, ya hau babur ya koma.

Tsohuwa Sahura, wadda ita ke kula da al'amarin iskoki a ƙauyen, ta aiko aka kira shi. Ya je ya durƙusa, don ƙawar uwarsa ce. Ta ce, "Ɗan Manu, ubanka ya bar hanyarmu amma bai taɓa sa ƙarfe a wurin Doguwa ba. Ba ni hana ka addininka. Ka bar mata gidanta."

Ya ce, "Inna, ban zo da raini ba. In na sami abin da nake nema, zan rufe mata wurinta yadda na same shi."

Fasto ma ya zo, ya karanta masa inda aka ce kada a tara dukiya a ƙasa. Élisée ya saurara da ladabi, ya raka shi har bakin gari, washegari ya hau dutse.

Ya haƙa duk ranin nan shi kaɗai. Ba mai riƙe masa igiya, sai ya kafa gungume a bakin ramin, ya sassaƙa matakai a jiki, ya cika bokiti ya hau ya ja. Aikin mutum uku yake yi. Da damina ta zo ya rufe bakin da kwano ya sauko gona, amma hankalinsa yana can, haki ya ci rabin geronsa. Rani na biyu ya sayar da san nomansa ya sayi gudumomi da kurfi na haƙa da fitilar goshi. Yara suka sa masa suna Espanyol. Bai damu ba. In wani ya tsaya ya tambaye shi, sai ya share ƙasa da tafin hannu ya fara zane, yana bayani dalla-dalla, mutumin da a da sai ka yi da gaske ka ji kalma goma a bakinsa. Da ya ga wani tsagi da ya yi kama da zuciya mai tsaga, sai ya karkatar da ramin gefe, ya yi asarar aikin wata da watanni, don kada ya taka tarko.

Wata rana ya fito da wasu duwatsu baƙaƙe masu nauyi, masu ƙyalli in an juya su a rana. Wani saurayi ya ɗauki hotonsu ya watsa a salula. Kafin mako ya zagayo, kwazazzabon ya cika. Babura daga Dogon Dutsi, daga Matankari, har daga ƙetaren iyaka. Mata suka kafa tukwanen shinkafa da wake, mai shayi ya kafa tebur, jandarma suka zo suka duba suka koma. Waɗanda suke ce masa mahaukaci jiya, yau suna bin sa a baya suna cewa, "Baba Espanyol, zo ka karanta mini wanga dutse." Shi kuma ya bi su ɗaya ɗaya yana karantawa, bai karɓi ko goro ba.

Alhassan ya ɗauki dutse ɗaya ya kai wa maƙerin zinariya a Dogon Dutsi. Mutumin ya goga shi, ya ɗiga masa ruwan gwaji, ya mayar masa yana girgiza kai. Alhassan ya riƙe labarin a cikinsa yana neman yadda zai faɗa. Bai kai ga faɗa ba, sai ga kurfin Élisée ya zurma cikin rami. Ya faɗaɗa wurin, ya leƙa da fitila. Wani tsohon kogo ne da hannun mutum ya haƙa, gajere, sai da rarrafe ake shiga, da sawun ƙarfe a bango, da fasassun tukwane.

Ihu ya tashi a sama. Aka yi ta fito da abin da ke ciki ana zubewa a rana. A cikin taron akwai Sani Maƙeri, dattijon maƙeran yankin. Ya tsuguna, ya ɗauki dutse ya auna a hannu, ya ɗauki wani dunƙule mai huji-huji ya shinshina.

Ya ce, "Tama ce. Wanga kuma kashin ƙarfe ne. Kakanninmu nan suke haƙo ta, su narka su ƙera hauya da kibiya, kafin ƙarfen mota ya zo anka bari. Kakana yana faɗin akwai ramukansu a dutsen ga, amma wurin ya ɓace mana."

Wani ya ce, "To kunkurun fa?"

"Kunkuru kam ban sani ba. Ko su sunka zana, ko waɗanda sunka riga su."

Nan Alhassan ya faɗi abin da maƙerin zinariya ya ce. Taron ya watse kamar kasuwar da ruwa ya kora. Wasu suna zagi, wasu suna dariya. Kafin la'asar ba kowa sai ramuka barkatai da ledoji suna yawo. Alhassan ya tsaya. Ya ga abokinsa zaune a kan tarin tamar, yana juya dunƙule ɗaya a hannu, fuskarsa ba ta nuna kunya ba.

Élisée ya ce, "Ka gani? Ashe akwai ramin da ya ɓace. Alamun sun kawo ni daidai bisa kansa. Yaron bai yi ƙarya ba."

"Bai yi ba. To yanzu ka sauko haka nan."

"Zinariyar tana ƙarƙashin tamar."

Duk wannan lokacin Marthe ba ta taɓa hawa dutsen ba. Tana jin ana ce mata matar Espanyol a bakin famfo, ta yi kamar ba ta ji ba. Da ƙuli-ƙulinta ta riƙe gidan, da shi ta aurar da Sylvie ga wani tela a Kore Mairuwa. Bayan watsewar taron da 'yan kwanaki, ta dama fura, ta ɗora ƙwarya a ka, ta hau. Ta zauna a bakin ramin ta kira shi. Ya daɗe kafin ya fito, yana tsayawa a matakai yana tari. Ya fito fari fat da ƙura, haƙarƙarinsa a waje. Ta miƙa masa ƙwaryar, ta bari ya sha.

"Baban Sylvie, mi kake nema cikin ramin ga?"

"Na gaya miki. Saura kaɗan."

"Ba ya ciki."

Ya dube ta.

Ta ce, "Landry ba ya cikin ramin ga."

Tun da aka yanke wa yaron cibiya, wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta. Élisée ya ajiye ludayin.

Ta ce, "Ni na haife shi. Ka komo ka ba ni magana guda ka rufe baki, ka zo kana yi ma dutse hira. Kowane ɗan iska na garin ga ya ji abin da ɗana ya koya maka, ni ban ji ba. Faɗa mini yadda ya mutu. Faɗa mini inda yake kwance."

Ya zauna kusa da ita. Sannan ya faɗa mata. Ya ce ranar zazzaɓi ya kwantar da shi. An fasa nakiya da safe, kuma ka'ida sai an bar hayaƙin ya fita. Shi ne yake fara sauka kullum, don hancinsa ya san mugun iska. Ranar Landry ya lulluɓe shi da bargo, ya ce, "Baba, kwanta, yau ni ne babba." Ya tafi yana dariya. Da aka zo aka tashe shi, shi Élisée, ya sauka da zazzaɓin a jikinsa, ya ɗauro yaron a bayansa. Ba rauni ko ɗaya, kamar mai barci. Ya ce ya binne shi a gefen maƙabartar masu haƙa, wajen yamma da sansanin, ya jera duwatsu, ya kafa wani fale-falen dutse a wajen kai, ya karce gicciye da ƙusar da yaron yake zane da ita.

Marthe ta ja mayafi ta rufe fuska. Suka yi kuka tare a bakin ramin, irin wanda ba su yi ba ranar makoki.

Da ta share ido, ta ce, "To nuna mini kunkurun."

Ya kai ta. Ya nuna mata kan, ya nuna mata macijin, ya faɗa mata maganar yadda Landry yake faɗa, har da yadda yake tafawa. Ta yi murmushi ta ce, "Surutu kamar na gyatumata."

Ba a ce daga ranar ya daina haƙa ba. Washegari ma ya sauka. Amma Marthe ta riƙa hawa da fura kullum, ta zauna ta ce, "Ba ni wani labarin." Mi yake ci a can, wa ye abokinsa, ya taɓa maganar aure? Élisée ya ba ta, har da sunan wata yarinya 'yar Ɗan Kassari da yaron ya ambata sau ɗaya. Zaman bakin ramin ya riƙa tsawo, aikin cikin ramin yana raguwa.

Abin da ya tsayar da shi jiki ne. Tarin ya kai in ya hau matakai kaɗan sai numfashi ya ɗauke. Wata rana ya kasa fitowa, sai da Marthe ta gangara ta kira maza aka ɗauro shi da igiya. Alhassan ya ɗauke shi zuwa likita a Dogon Dutsi. Aka fara ba shi maganin tarin fuka, ya sha wata da watanni ba sauƙi. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likitan ya ce ƙurar dutse ce ta cika huhun, ta can arewa da ta nan, kuma abin da ta ci ba ya dawowa. Ya ce a kai shi gida ya huta.

Ya ƙarasa kwanakinsa a gindin itacen bedi na tsakar gida, a jingine, don kwanciya tana shaƙe shi. Tsohuwa Sahura ta zo gaisuwa da sandarta. Mutane sun zaci za ta ce Doguwa ce. Ba ta ce ba. Ta zauna ta riƙe hannunsa ta ce, "Sannu, ɗan Manu." Ya ce, "Inna, ban rufe mata wurinta ba." Ta ce, "Bar wanga, ba naka ba ne yanzu."

Ya rasu cikin bazara, da hantsi, Sylvie ta zo daga Kore Mairuwa tana yi masa fifita. Maganarsa ta ƙarshe ta irin shuka ce, yana cewa kada a taɓa damin da ke ƙuryar rumbu. Ƙasar maƙabartar Kirista tsandauri ce. Alhassan ya tuɓe rigarsa ya shiga cikin masu haƙa kabarin. Wasu abokansa na masallaci sun yi gunaguni daga baya, ya ce musu su kai ƙara wajen Allah.

Da damina ta kusa, karsanar wani Bafulatani ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan ta karye. Mai gari ya kira gayya, aka cike su duka a wuni ɗaya, har da na Élisée.

Marthe ta koma wajen Sylvie a Kore Mairuwa. Gwiwa ta hana ta murza tunkuza, yanzu sai dai ta zauna gaban tiren ƙuli-ƙuli ran kasuwa. A bara wani ɗan maƙwabcinsu mai suna Abdussalamu ya shirya tafiya Cibarakaten. Ta kira shi, ta kwatanta masa wurin yadda mijinta ya kwatanta mata, ta roƙe shi ya je ya ƙara dutse ɗaya a kan kabarin Landry, ya ce daga uwarsa. Bayan wata biyu ya bugo salular Sylvie. Ya ce ya je. Ya ce maƙabartar ta faɗaɗa ƙwarai, yashi ya rufe na gefe, ya ga masu gicciye fiye da ɗaya, bai san wanne ba ne.

Sylvie ta riƙe salular a kunnen uwarta. Marthe ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Ɗana, duba wanda duwatsunsa sunka fi watsewa, ka gyara shi. Shi ma wata ta haife shi."